Zaratan Mayaƙan Ruwa da Dajin Birnin Gwari

Jama'a, duk wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ya san irin azabar da mutanen wannan ƙasa suka sha a hannun ɓarayin daji. Sau da yawa in an zauna ana jajanta abin, sai ka ji wani ya ce, "Wai ina zaratan sojan nan da muke jin labari, masu fitowa daga cikin ruwa da dare su gama da abokan gaba tun gari bai waye ba? Me ya hana a sake su cikin dajin nan mako guda kowa ya huta?" Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, balle ma da yake sau biyu duniya tana jin labarin irin waɗannan mutane sun kawo yaƙi ƙasar Hausa, sau ɗaya aka yi hasara, sau ɗaya aka yi nasara. To, bari mu bi asalinsu, mu ga aikinsu da irin horon da akan yi musu, sa'an nan mu auna abin da za su iya yi wa Birnin Gwari da abin da ya fi ƙarfinsu.

Asalinsu

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya haife su. Cikin daren 19 ga Disamba 1941 waɗansu mutanen Italiya guda 6 suka hau waɗansu 'yan injuna uku masu tafiya ƙarƙashin ruwa, suka sulale cikin tashar jiragen ruwa ta Iskandariya a ƙasar Masar. Suka ɗaura nakiya a gindin manyan jiragen yaƙin Ingila biyu, Queen Elizabeth da Valiant. Da nakiyar ta tashi jiragen nan suka zauna a ƙasa, aka yi watanni ba su yi aiki ba. An kama duk mutum shidan, amma sun riga sun yi ɓarnar da rundunar jirage guda ta kasa yi.

Turawan Ingila kuwa dama tun 1940 wani hafsa, Roja Kotni, ya tara 'yan mutane kaɗan yana koya musu yaƙi cikin ƙananan kwalekwale na tamfol, irin waɗanda ake naɗewa a ɗauka. Wannan shi ne tushen ƙungiyar da ake kira SBS. Aikin da ya fi shahara na irin wannan yaƙi shi ne wanda Manjo Hasla ya shugabanta. Ran 7 ga Disamba 1942 jirgi mai nutso ya sauke mutum 10 cikin kwalekwale 5 a bakin kogin Jirond na ƙasar Faransa, wadda a lokacin tana hannun Jamus. Suka riƙa tuƙi da dare, da rana su ɓuya cikin ciyawar gaɓa, har wajen mil 70 zuwa tashar Bodo. Kwalekwale biyu kaɗai suka isa. Suka manna nakiya mai maganaɗisu a jikin jiragen kaya, jirgi 6 suka lalace. Cikin mutum goman nan biyu suka mutu a ruwa don sanyi, shida Jamus suka kama suka harbe, biyu tak suka koma gida, su ma sai da suka ratsa Faransa suka shiga Sifen.

Su mutanen Amurka wahala ce ta koya musu. Cikin Nuwamba 1943 suka kai wa Japan yaƙi a tsibirin Tarawa, ba su san zurfin ruwan bakin gaɓa sosai ba. Jiragensu suka kafe a kan duwatsun cikin ruwa, soja suka sauka suna lafta cikin ruwa ana sheƙa musu wuta, aka kashe wajen mutum 1,000 cikin kwana uku. Daga nan aka ƙarfafa shirin samun gwanayen iyo da za su riga runduna isa, su auna ruwa, su fasa shingen da maƙiya suka kafa. Ran 6 ga Yuni 1944, da aka sauka a gaɓar Omaha ta Nomandi, fiye da rabin masu fasa shingen nan sun mutu ko sun yi rauni. Daga zuriyar waɗannan ne aka kafa ƙungiyar SEAL cikin Janairu 1962, zamanin Shugaba Kenedi. Sunan an harhaɗa shi ne daga kalmomin Turanci na teku da sama da ƙasa, watau ta kowace hanya cikin ukun nan suna iya zuwa.

Aikinsu

Aikin waɗannan mutane kashi huɗu ne. Na fari leƙen asiri: mutum huɗu ko shida su kwanta kusa da sansanin abokan gaba kwana da kwanaki, suna ƙidaya mutane da makamai, su koma ba wanda ya san sun zo. Na biyu ɓarna: fasa gada, ko jirgi, ko rumbun harsashi. Na uku hawa jirgin ruwan da 'yan fashin teku suka ƙwace, a karɓe shi yana cikin tafiya. Na huɗu ceton wanda aka tsare, ko kama wani madugu guda wanda aka san inda yake kwana.

Mai karatu ya lura, duk ayyukan nan huɗu halinsu ɗaya. Wuri guda ake nufa, da 'yan mutane kaɗan, a yi maza a gama a fita. Ba a aika su don su ci gari su zauna. Ko da yake kuma sunansu mayaƙan ruwa, aikinsu ya daɗe da wuce gaɓa. Su ne suka kashe Usama bin Ladan ran 2 ga Mayu 2011 a Abotabad ta Pakistan, garin da ke ɗaruruwan mil daga teku.

Horonsu

Makarantar SEAL tana Koronado, bakin teku a jihar Kalifoniya, karatun farko kuwa wajen mako 24 ne. An kasa shi uku: gwajin jiki, da nutso, da yaƙin tudu. Hafsa da farabiti tare suke shan wahalar, ba a rage wa kowa don igiya ko tauraro. Akan kasa su ƙungiya ƙungiya, kowace da kwalekwalenta na roba, su ɗauke shi a ka suna gudu cikin rairayi. Akan ba su gungumen itace su yi ta ɗagawa tare, in ɗaya ya yi ha'inci nauyin ya koma kan 'yan'uwansa. Akan ɗaure wa mutum hannu ta baya, a ɗaure ƙafa, a jefa shi cikin ruwa mai zurfi, ya yi ta nutsewa yana tasowa yana shan iska. Abin da ake nema a nan a ga wanda ba ya ruɗewa, gama mai ruɗewa cikin ruwa shi ke halaka kansa, ya ja na kusa da shi.

Akwai mako guda da suke kira makon azaba. Kwana biyar da rabi ana aiki dare da rana cikin ruwan sanyi da taɓo, barcin da za a yi duka bai wuce awa 4 ba. Akwai wata ƙararrawa ta tagulla rataye a filin makaranta. Wanda ya gaji ba mai riƙe shi, sai ya je ya buga ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa a ƙasa, ya tafi. Cikin mutum huɗu da suka shiga makarantar, wajen uku ba su kai ƙarshe. Wanda ya kai kuwa da sauransa, sai ya koyi sauka da laima daga jirgin sama, ya ƙara wajen wata shida na koyon makamai da dabarun yaƙi, kāna a ba shi lamba.

Na Ingila su kuma a duwatsun ƙasar Wales ake fara tace su. Gwaji na ƙarshe a can shi ne tafiyar mil 40 da kaya mai nauyi a baya, mutum shi kaɗai da taswira, cikin awa 20. Daga nan a kai su kurmin Burunai su koyi zaman daji, sa'an nan a koya musu tuƙin kwalekwale da nutso.

Kada a ɗauka wannan horo ba ya cin rai. Cikin Fabrairu 2022 wani saurayi ya mutu a Koronado 'yan sa'o'i bayan ya gama makon azaba. Binciken da rundunar ta yi ya nuna ba a kula da lafiyar ɗalibai yadda ya kamata ba, aka gyara waɗansu dokoki. Tsanani in ya wuce iyaka, ba likita a kusa, ya zama ɓarnar mutane.

Halin da ake nema

Mutane da yawa suna zaton ƙato ake nema, mai ƙirji kamar bango. Masu koyarwa sun sha ganin ƙarfafa sun buga ƙararrawa, wani siriri da ba a sa wa rai ba ya wuce. Ƙarfin jiki sharaɗi ne na shiga kawai. Abin da ke fid da mutum shi ne haƙuri, watau ya iya sa ransa a kan aikin da ke gabansa yanzu, ya bar tunanin na gobe. Sai natsuwa, ya iya lissafi da karatun taswira alhali yana jin yunwa da barci. Sai amana, domin kowane ɗalibi akan haɗa shi da abokin iyo, ba ya rabuwa da shi ko da taki kaɗan, wanda ya bar abokinsa kuwa ya gamu da hukunci. Sai kame baki, gama aikin da aka yi shelarsa a kasuwa ya lalace tun ba a tashi ba. Hausawa kan ce iya ruwa fid da kai. A wurin waɗannan mutane wannan bai isa ba, sai ka fid da kanka ka fid da ɗan'uwanka.

Taken SBS na dā ma yana cewa da dabara ake yi, ba da ƙarfi ba. Daga baya aka sāke shi ya zama da ƙarfi da dabara. Ko ta yaya aka juya, dabara tana ciki.

Sakkwato da Ƙonni

Yanzu mu dawo gida. Ran 12 ga Mayu 2011 aka sace injiniyoyi biyu a Birnin Kebbi, ɗaya mutumin Ingila, ɗaya na Italiya, suna aikin ginin reshen Babban Bankin Nijeriya. Aka yi wata goma ana nemansu. A farkon Maris 2012 aka kama waɗansu daga cikin ƙungiyar da ta sace su, ta haka aka gane gidan da suke, a unguwar Mabera cikin Sakkwato. Amma kamun nan shi ya ɓata shiri, don an ji tsoro masu tsaron za su farga su kashe mutanen ko su gusa da su. Saboda haka ba a jira dare ba. Ran 8 ga Maris, da rana tsaka, mutanen SBS na Ingila tare da jami'an tsaron Nijeriya suka faɗa wa gidan. Aka yi ta musayar wuta, kafin a kai ɗakin da suke an riga an harbe su duka biyu. Firayim Minista Kamaru ya ba da sanarwa a Landan, hukumar Italiya kuwa ta yi fushi don ba a shawarce ta ba sai da aka fara.

Shekara takwas bayan haka, cikin daren 26 ga Oktoba 2020, waɗansu 'yan bindiga suka sace wani Ba'amurke manomi a ƙauyen Masalata kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, suka ƙetaro da shi Nijeriya suna neman fansa. Wannan karo aka bi sawun wayoyinsu, jirage marasa matuƙi suna kallonsu daga sama. Ran 31 ga wata, cikin duhu, wajen mutum 30 na SEAL suka sauka da laima nesa kaɗan, suka taka da ƙafa har inda ake tsare da shi. Suka kashe mafi yawan masu tsaron, suka fito da mutumin lafiya, ba wanda ya rasa ransa a cikinsu.

Jama'a, ku dubi bambancin. Waɗanda suka zo Sakkwato ba su kasa na 2020 horo ko jaruntaka ba. Na Sakkwato an tilasta musu shiga da rana, cikin gari, ga mutanen da suka riga suka yi shiri. Na biyun su suka zaɓi lokacinsu, sun san wurin, maƙiyi bai san suna tafe ba. Ashe rabin aikin ana gama shi ne tun soja bai ɗaura takalmi ba, a hannun masu tara labari.

Namu na gida

Nijeriya ma tana da nata. Rundunar mayaƙan ruwa ta kafa ƙungiyarta ta SBS cikin 2006, mazauninta Ikko, an kuwa ɗauko tsarin horonta daga na Ingila da Amurka. An fara ta ne saboda masu tada ƙayar baya a fadamun bakin Kwara da 'yan fashin teku. Cikin Mayu 2020 'yan fashi suka ƙwace wani jirgin kamun kifi na mutanen Sin, Hai Lu Feng 11, a ruwan Kwaddibuwa. Mutanenmu suka tare shi wajen mil 140 kudu da Ikko, suka hau shi, suka ceci ma'aikata 18, suka kama 'yan fashi 10. Cikin Yuli 2021 kotu a Ikko ta ɗaure kowannensu shekara 12. An kuma kai 'yan wannan ƙungiya tafkin Cadi, inda yaƙi da Boko Haram ya koma na tsibirai da kwalekwale. Wannan aiki na jirgin Sin shi ne ainihin abin da aka hore su dominsa: ga jirgi guda, ga ɓarayi goma a ciki, ba inda za su gudu.

Dajin Birnin Gwari

To, ina dajinmu a cikin wannan lissafi? Dajin Kamuku kaɗai, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa cikin 1999, ya fi murabba'in mil 400. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara, ta kudu kuma yana haɗe da dazuzzukan jihar Neja. Ɓarayin da suka mamaye shi ba runduna guda ba ce mai sarki guda. Daba daba ne, kowace da madugunta, suna yawo a kan babura, in an matsa musu a wannan jiha su ƙetara waccan. Ran 5 ga Mayu 2018 suka faɗa wa ƙauyen Gwaska suka kashe mutum 45 ko fiye. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, bisa hanyar Birnin Gwari, sai ran 24 ga wata aka samo 137 a cikin Zamfara. Har wa yau 'yan Ansaru, ƙungiyar da hukumar Ingila ta ɗora wa alhakin abin da ya faru a Sakkwato, sun sami mafaka a gabashin ƙasar Birnin Gwari wajen Damari, musamman cikin 2022.

Akwai abin da zaratan soja za su iya a nan, ba shakka. Suna iya kwanciya su gano inda daba take. Suna iya tsare mashigin kogi da damina, lokacin da ruwa ya hana babur wucewa sai ta wurare ƙididdigaggu. Suna iya ɗauke madugu guda in an tabbatar da makwancinsa. Amma mutum 30 ba su tsare daji mai faɗin nan, ba su kuma fid da yara fiye da ɗari daga tsakiyar 'yan bindiga ba tare da an zubar da jinin yaran ba. In sun kashe madugu yau suka koma bariki, gobe ƙanensa ya gaje shi, ya huce a kan ƙauyen da yake zargi da tsegumi. Allura ce su, tana da amfani ƙwarai wurin cire ƙaya, amma ba a nome gona da ita.

Kuma ba a samun su da yawa, tun da horon da ke zubar da uku cikin huɗu ba ya cika bariki. In an gaggauta an ninka yawansu, suna kawai za a ninka. In kuwa aka riƙa sa su gadin hanya da rakiyar manya, sai kaifinsu ya dakushe a banza.

Abin da ya fi duka, labarin da suke aiki da shi yana hannun mutanen ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari. Mafarauci ya san mashaya, mai kiwo ya san burtali, mai sayar da mai ya san wanda ya sayi jarka ashirin jiya. Ba kuwa mai buɗe baki sai ya tabbata in ya faɗa ba za a tona shi ba, hukuma kuma za ta kwana a garinsu, ba ta zo da safe ta koma da la'asar ba. Wannan aikin 'yan sanda ne da alƙalai da hakimai da malaman makaranta, da masu gyaran hanya, da masu raba gardamar manomi da makiyayi tun ba ta kai ga makami ba. Cikin Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla da waɗansu madugai, ya buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekaru a rufe. Mutane sun rabu a kan sulhun, waɗansu na murna, waɗansu na cewa an bar masu laifi ba hukunci. Kowane ɓangare mutum ya bi, buɗe kasuwa da tsare ta aiki ne na shekaru, ba irin wanda ake gamawa dare ɗaya ba.

Saboda haka wanda ya ce a kawo zaratan ruwa a huta, a amsa masa da cewa a kawo su, a girmama su, gama sun sayi gwanintarsu da tsada, amma a sa su inda suka dace, kada a ɗora musu kayan da ke na hukuma da jama'a duka. Samarinmu kuma masu sha'awar wannan aiki su sani ba a fafe gora ranar tafiya. Haƙuri da riƙon amana da kame baki tun a gida da makaranta ake koyonsu, wanda bai zo da su ba kuwa ƙararrawa tana jiransa. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikin wannan fitina, amin.